Sufeto Hamisu da Tsofaffin Gindin Ɗorawa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar maigidana, Sufeto Hamisu, Allah ya jiƙansa. Na rubuta sunan ne don masu karatu su san wanda nake nufi. Ni dai bakina bai taɓa furta shi ba a tsawon zamanmu. Sufeto nake ce masa, kamar yadda kowa yake ce masa daga Karaye har Rogo, tun yana bakin aiki har bayan ya ajiye ya koma noman gyaɗa a Yammedi. Ni malamar firamare ce da ta yi ritaya, ban saba rubutu a jarida ba. Jikokina ne suka sa na ɗauki biro bana. Sukan taru a kan waya ɗaya suna kallon finafinan 'yan sandan ciki, inda ake kama mai laifi kafin a tashi, ya amsa da bakinsa, sai su juyo su ce, "Hajiya, shi ma Baba Sufeto haka yake kama su?" Nakan ce wani lokacin. Amma aikin da ya fi cin ransa, wanda kuma mutanen yankinmu suka fi tuna shi da shi, ba haka ya ƙare ba.

Ɗan sandan farin kaya ne, mai binciken manyan laifuka. Wanda bai san shi ba zai ɗauka malamin gona ne: gajere, mai sanyin magana, kullum cikin yadi mai arha da hula ƙube, a kan wani tsohon babur. Idan ya shiga ƙauye bincike, sai ya gama tambayar gero da dawa da lafiyar awaki da ciwon ƙafar mai gari kafin ya zo kan abin da ya kawo shi. Abokan aikinsa suna yi masa tsiya cewa gaisuwarsa ta fi bincikensa tsawo. Shi kuwa yakan yi murmushi kawai, ya ce mutum ba ya gaya wa baƙo abin da ke cikinsa.

A lokacin muna zaune a Karaye. Duk wanda ya tashi a yankinmu ya san bazara lokacin ɗorawa ne. Tsofaffin mata masu daddawa sukan fita da hantsi, da gora mai lauje a kai da buhu, su bi gonakin da aka daɗe da girbewa suna tsinko ta don su sami kalwa. Yawanci kowacce ita kaɗai take tafiya, don kowacce da bishiyoyin da ta saba da su.

Wata bazara na je Kurugu gaishe da Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifina, wadda ita take yi wa mata wanka idan sun rasu a ƙauyensu. Na tarar ana zaman makokin wata tsohuwa mai daddawa. An same ta a gindin ɗorawa, kwance a gefenta na dama tana fuskantar alƙibla, ɗankwalinta ya rufe mata fuska, takalmanta a jere kusa da ita. Mata suna ta yabawa. Suka ce zafin rana ne ya buge ta, ta ji alamar tafiya, ta gyara kwanciyarta da kanta. Baiwar Allah ta yi kyakkyawan ƙarshe. Ni ma na ce Allah ya sa mu dace. Gwaggo ce kaɗai ba ta sa baki ba, ni kuma ban kawo komai a raina ba.

Da bazara ta zagayo, na je suna a Yammedi. A cikin hirar tsakar gida sai na ji ana ba da labarin wata tsohuwa da ta rasu kwanan baya a bayan gari. Gindin ɗorawa, gefen dama, alƙibla, ɗankwali a fuska, takalma a jere. Na dawo gida na ba Sufeto labari yana cin abincin rana, a matsayin abin mamaki kawai, yadda Allah yake yi wa bayinsa kyauta iri ɗaya. Sai na ga ya tsame hannunsa daga kwanon.

"Malama, sake faɗa min. Takalman a jere suke?"

"A jere, in ji su."

"Wadda zafi ya buge, jiri ne yake ɗibarta, ta faɗi inda ta faɗi," in ji shi. "Ba ta tsayawa jera takalmi."

Bai ƙarasa abincin ba. Washegari ya hau babur ya nufi Rogo wajen abokinsa Saje Bala, wanda suka yi horo tare tun suna samari. Saje dogo ne, mai zafin rai, mai ƙarar murya, kishiyar Sufeto a komai, amma ban taɓa ganin aminai kamarsu ba. Sufeto ya ba shi labari. Saje ya ce shi ma ya ji irin wannan a wani ƙauye da ke Rogo Sabon Gari, shekara biyu kafin nan, har liman ya kafa misali da matar a wa'azi. Mata uku ke nan, a bazara uku, a ƙananan hukumomi biyu. Ba wanda ya kai ƙara, domin ba wanda ya ga abin ƙara. An yi musu sutura a ranar, kamar yadda addini ya tanada.

Na sama da su suka saurare su, suka ce ba gawa, ba mai ƙara, ba shaida. Idan suna son bin maganar su bi, amma kada sauran aiki ya kwanta. Sufeto bai ga laifinsu ba. Ya ce shi ma da wani ne ya zo masa da zancen takalmi, da abin da zai faɗa ke nan. Saje ya kawo shawarar a nemi izinin tone kabari. Sufeto ya ce duk ranar da suka furta wannan a ƙauye, ba bakin da zai sake buɗe musu. Ya ce akwai waɗanda suka ga jikin matan nan da idonsu, kuma suna raye: masu wanka.

A nan na shigo cikin aikin, domin shi ba ya shiga cikin gidajen mutane. Ya kai ni Kurugu, ya zauna a zaure, ni na shiga wajen Gwaggo. Na yi ta kewaye-kewaye kafin na tambaye ta. Ta dube ni da wani irin kallo, ta ce, "Ke Rabi, da karatunki da komai? Abin da mai wanka ta gani amana ne. Tun ina budurwa aka koya min haka, ba kuma a kanki zan fara ba." Ta tashi ta kama tankaɗe, ta bar ni zaune. Na fito na gaya wa Sufeto. Na zaci ransa zai ɓaci. Sai ya ce, "Ta ba mu amsa ai. Da ba ta ga komai ba, da cewa za ta yi ba ta ga komai ba."

Bai matsa mata ba. Ya je wajen Alaramman ƙauyen, wani dattijo mai tsangaya wanda kowa yake jin maganarsa, ya cire takalmi ya zauna a ƙasa, ya shimfiɗa masa zancen duka. Alaramma ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya sa aka kira Gwaggo, ta tsaya a bayan asabari, ni ina gefenta. Har yanzu ina jin muryarsa. Ya ce an hana mai wanka magana ne don a rufa wa mamaci asiri, kada a yaɗa aibinsa. "Amma idan abin da kika gani zalunci ne aka yi mata, Asabe, wannan ba aibinta ba ne. Haƙƙinta ne. Idan kika rufe, ba ita kika rufa wa asiri ba." Gwaggo ta fashe da kuka. Ta ce shekara guda ba ta yi barci mai daɗi ba. Ta ce akwai shatar igiya a wuyan matar, siririya, ta ɓuya a cikin tattarar fata, kuma farcenta biyu sun karye. Bayan haka, da saƙon Alaramma a bakinmu, mai wankan Yammedi da ta Rogo Sabon Gari su ma suka yi magana. Abu ɗaya suka gani.

Ina yawan tunanin wannan idan na ga yadda al'amura suke tafiya yau. Yanzu da an sami gawa a gona, kafin a sanar da 'ya'yanta hotonta ya zaga wayoyin mutane. Ta wani ɓangaren, da a yau ne, da ba a kai mata uku ba. Wani zai haɗa hoton farko da na biyu ya yi magana. Na tabbata Sufeto zai so wannan, domin ba maƙiyin sabon abu ba ne. Amma da a yau ne, anya Gwaggo za ta buɗe baki, tana sane da cewa kafin la'asar wuyan ƙawarta zai zama abin kallo a teburin mai shayi? Ban sani ba. Abin da ta faɗa a bayan asabarin nan, mu uku muka ji shi daga bakinta, kuma ya daɗe a tsakaninmu mu huɗu da Saje.

Daga nan suka shiga neman mutum. Tunaninsu shi ne, wanda ya yi wannan ya san ƙauyukan uku, yana zuwa da bazara, kuma ganinsa a bayan gari ba ya tayar wa kowa hankali. Suka yi ta yawo a kan babur ɗaya, Saje yana tuƙi Sufeto a baya, suna zama a majalisu suna hira, suna tambayar su wa suke shigowa gari idan rani ya yi nisa. Masu awon hatsi, masu sayen fata, masu gyaran rufi, masu yasar rijiya. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa cirewa. Damina ta zo ta wuce, kaka ta wuce. Da ɗorawa ta fara nuna, Sufeto ya rame. Yana sane da cewa lokaci ya yi, bai kuma san ƙauyen da abin zai faɗa ba. Ya bi dagatai da limamai yana roƙo a sanar bayan sallar Juma'a cewa kada tsohuwa ta sake fita ɗorawa ita kaɗai. Wasu suka sanar, wasu suka ce zai firgita gari a banza.

Iya Delu ba ta ji sanarwar ba, ko ta ji ta yi biris, don mace ce mai taurin kai. A wani ƙauye take tsakanin Kurugu da Yammedi, ta haura sittin amma da ƙarfinta. Tana tsugune tana kwance laujen daga jikin gora sai ta ji igiya a wuyanta ta baya. Allah ya sa laujen yana hannunta. Ta kai sara baya ba tare da ta ga inda take sara ba, ta ji ya shiga nama, igiyar ta saki. Kafin ta dawo hayyacinta ta juyo, sai motsin ciyawa ta gani a bakin kwazazzabo. Ta rarrafo har bakin hanya, wasu masu amalanke suka ɗauko ta. Kafin labari ya iso Karaye, 'yan gidan sun wanke mata jiki, sun wanke laujen tas sun rataye. Sufeto ya daɗe yana jin ciwon wannan laujen. Ko bayan ya yi ritaya, idan aka yi zancen gwajin jini a rediyo, sai ya girgiza kai ya ce, "Da ba su wanke ba."

Ni na shiga wajenta. Muryarta a dishe, ta ce ba ta ga fuska ba. Abin da ta riƙe kawai shi ne wari: warin ɗanyar laka, irin ta ƙasan rijiya, a lokacin da ko'ina ya bushe ƙamas.

A cikin waɗanda suka rage a zargin su Sufeto akwai wani mai yasar rijiya. Ba zan faɗi sunansa ba, Mai Yasa zan ce masa. Mutum ne shiru-shiru, mai ladabi, ba a taɓa jin sa da kowa ba. Ya yi aiki a ƙauyukan nan uku a shekarun da abin ya faru, kuma a makon yana yashe wata rijiya ba nisa da garin su Iya Delu. Da suka same shi, damtsensa na dama a ɗaure yake da tsumma. Ya ce dagi ne ya kuɓuce daga sama ya yanke shi a cikin rami. Suka tafi da shi ofis.

Saje ne ya ba ni labarin abin da ya gudana a ciki, shekaru bayan haka. Ya ce shi ya so a bar shi da mutumin na ɗan lokaci a ɗaki, ya rantse zai fito da magana. Sufeto ya ce idan aka doke shi zai amsa, kamar yadda duk wanda aka doka zai amsa, su kuma su koma gida ba su san komai ba. Ya sa aka kawo masa ruwa da abinci, ya zauna yana tambayarsa a hankali, ya dawo ya sake tambaya ta wata hanyar. Mutumin bai canza magana ba, bai kuma ɗaga murya ba. Da aka ce wa zai shaida inda yake a hantsin ranar, sai ya ce, "Yallaɓai, ni a cikin rami nake wuni. Mai ja min guga ya tafi kasuwa ranar. Wa zai gan ni?" Likita ya duba raunin ya ce zai iya zama lauje, zai iya zama dagi. Aka binciki ɗakinsa, aka sami igiyoyi, amma wane mai yasa ne ba shi da igiya? Aka kawo Iya Delu, aka tsayar da shi a gabanta. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce wa Sufeto, "Ɗan nan, ba zan ɗauki alhakin mutum ba. Na ce maka ban ga fuska ba."

Zuwa lokacin magana ta riga ta fasu. Ran kasuwa da rana tsaka jama'a suka cika ƙofar ofishin, da sanduna da gatura, suna cewa a miƙo musu shi. Ina makaranta aka zo aka gaya min, na saki aji na taho da gudu, na tsaya daga nesa. Na ga Sufeto ya fito ba bindiga, ba ko sanda. Ya jawo benci ya ajiye a bakin ƙofa ya zauna. Ya fara gaishe da dattawan da ke gaba, kowa da sunansa, yana tambayar iyali. Dole suka amsa, don ba a ƙin amsa gaisuwa, hayaniyar ta ɗan lafa. Sannan ya ce, "Duk wanda ya gani da idonsa, ya matso, yanzu in rubuta, gobe mu tafi kotu tare." Ba wanda ya matso. Ɗan tsohuwar nan da ta rasu a Kurugu, magidanci da gemunsa, ya fito yana kuka yana cewa, "Yallaɓai, uwata ce fa! Shekara biyu ina alfahari da mutuwarta!" Sufeto ya tashi ya kama hannunsa ya zaunar da shi a bencin, ya ce, "Na sani. Ni ma ina zarginsa, ba zan ɓoye maka ba. Amma idan muka kashe shi alhali ba shi ba ne, wanda ya kashe mahaifiyarka yana nan yana kallonmu, kuma baɗi zai dawo." Suna nan zaune su biyu har aka kira la'asar, jama'a suka watse zuwa masallaci.

Masu duba shari'a suka ce hujjar ba ta isa a gurfanar da mutum ba, aka sake shi. Sufeto bai yi gardama ba, amma bai kuma saki ba. Duk ƙauyen da Mai Yasa ya sami aiki, sai ga Sufeto ko Saje a bakin rijiyar, sun zo gaisuwa. Mutane suka gane, suka daina kiransa. Wata rana ya fito daga rami jikinsa duk laka, ya tsaya gaban Sufeto ya ce, "Yallaɓai, idan ni ne ka kama ni. Idan ba ni ba ne ka bar ni in ci abinci." Sufeto ya dawo gida ranar ya zauna a gindin darbejiyar tsakar gida. Da na tambaye shi abin da ya faru, ya maimaita min maganar, ya ce, "Malama, ko dai ina tsare rayukan tsofaffi, ko kuma ina kashe bawan Allah a tsaye. Kuma ban san wanne nake yi ba."

Da aiki ya yi masa wuya, Mai Yasa ya koma karɓar tsofaffin rijiyoyin da sauran masu yasa suke ƙi. Bazarar da ta biyo baya ɗaya ta rufta da shi a wani ƙauyen Rogo. Sufeto yana cikin waɗanda suka yi haƙa aka ciro shi, ya kuma tsaya a sahun jana'izarsa, sahun da bai cika ba. Saje ya ƙi zuwa. Ya ce Allah ne ya yanke hukuncin da kotu ta kasa, kuma har gobe a kan haka yake. Ya tsufa yanzu, yana Rogo, idanunsa sun yi rauni, amma idan aka taɓo zancen sai muryar nan ta dawo. Wannan ne kaɗai abin da suka taɓa saɓawa a kai, bai kuma raba su ba.

Tun daga nan ba a sake samun tsohuwa a gindin ɗorawa a yankinmu ba. Mutane suka ce shi ke nan, magana ta fito. Sufeto ya ce wataƙila. Amma kuma tun daga lokacin mata suka koma fita uku-uku, huɗu-huɗu, wa ya san wanne ne ya tsayar da abin? Bayan shekara biyu wani direba ya kawo labarin wata tsohuwa da aka samu a kwance tana fuskantar gabas, can a wani ƙauye ta tsallaken iyakar jiha. Sufeto ya nemi hutu ya tafi da kansa. Ya tarar an daɗe da binne ta, mai wankan ta rasu, waɗanda suka ɗauko ta wani ya ce da takalmi a ƙafarta, wani ya ce babu. Ya dawo kamar yadda ya tafi. Duk wanda ya tambaye shi bayan nan, "Yallaɓai, ashe Mai Yasa ne?" amsarsa ɗaya ce: "Ban sani ba." Wasu suna ganin rauni ne. Akwai waɗanda suka ce wannan maganar ce ta hana shi ƙarin girma. Ni da na zauna da shi na san ba abin da ya fi masa nauyi a baki kamar kalmomin nan, kuma da ya ce "shi ne" sau ɗaya, da ya sami barci, gari ma ya yabe shi.

Ya rasu da damina, bayan gajeriyar jinya, gyaɗarsa ta fara fure. Da zai dawo yau, da abubuwa da yawa sun ba shi mamaki. Rijiyoyin da ake yasa sun ragu, famfon burtsatse ya maye gurbinsu. Ɗorawa da yawa ta tafi a gawayi. Tsofaffi ba sa nisa cikin daji, saboda wani tsoron daban da ya shigo ƙasar. Abin da na san zai fi damunsa shi ne saurin hukunci. A ɗauki hoton mutum a rubuta "ga shi nan" a ƙasa, dubban da ba su taɓa ganinsa ba su yi ta tsine masa, wani lokacin kafin 'yan sanda su iso an gama da shi. Nakan tambayi kaina ko benci da gaisuwa za su iya tsayar da taron yau. Ina jin zai gwada duk da haka.

Watan jiya wata matashiya ta yi sallama a gidana a Yammedi, da jariri a baya. Ban san ta ba. Bayan mun gaisa ta sha ruwa, ta daɗe tana murza bakin mayafinta, sannan ta ce ita 'yar Mai Yasa ce. Tana goye lokacin da ya rasu, uwarta ta koma da ita garinsu, ba wanda ya taɓa gaya mata komai sai da ta yi aure, wata a dangin miji ta goranta mata. Ta tambayi uwarta, uwar ta ce ta je gidan Sufeto, su ne ba za su yi mata ƙarya ba.

"Mama, don Allah ki gaya min. Babana ne?"

Na dubi yarinyar nan, na ji kamar in ce mata a'a, ta tafi da sanyin zuciya. Na kuma tuna Gwaggo a bayan asabari, da magidancin nan yana kuka a kan benci. Sai na gaya mata duka, da raunin damtse, da warin laka, da maganar Iya Delu, da labarin tsallaken iyaka, ban rage ba ban ƙara ba. Na ce, "'Yata, mutumin da ya fi kowa bincike a kan maganar nan ya rayu shekaru bayanta yana juya ta, ya koma ga Allah bai sani ba. Duk wanda ya ce miki ya sani, bai kai shi sani ba."

Ta yi kuka mai yawa, ba sauti. Da ta share fuska ta ce, "To zan iya ci gaba da yi masa addu'a?"

Na ce, "Mahaifinki ne, ki yi masa. Ki haɗa da tsofaffin nan uku."

Ta ce, "Da Sufeto."

Na raka ta har bakin hanya, na tsaya sai da ta sami mota.